Inda Yatsan Inna Yake Zuwa

A wurin aiki Baba Saiti ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ba ya iya ganin waya a hannun mutum ya ƙyale. Ka miƙa masa taka don ya ga hoton ɗanka, kafin ta dawo hannunka ya rage mata haske, ya kashe ƙarar maɓallai, ya tattara manhajojinka ya jera su yadda ya ga ya dace, sannan ya ce, "To, yanzu ta zama waya." Hoton ɗan naka kuwa ko kallo bai samu ba. A gida sunan bai bi shi ba. A can shi Auta ne, duk da shekara arba'in da bakwai da furfurar da ta cinye masa gefen kai.

Zane ya karanta. Ya yi shekara goma sha ɗaya a maɗaba'a yana tsara kalanda da allunan shaguna, har idonsa ya fara ruwa. Daga nan wani tsohon abokin karatunsa ya ja shi zuwa wani ƙaramin kamfani mai ƙera wasannin waya. Ofishin yana hawa na biyu, a saman shagon masu sayar da tayoyi. Mutum tara ne, fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa sai an tura ta da rula. Warin roba yana hawowa ta taga tun safe, kuma babu wanda ya ƙara jin sa sai baƙo.

Rabonsa a aikin shi ne minti goman farko na kowane wasa, wato lokacin da sabon mutum zai gane inda ake dannawa ko ya goge wasan ya kama gabansa. Duk ranar Laraba ake kawo masu gwaji: direba, mai shara, matar mai tayoyi, duk wanda aka samu. A zaunar da mutum a ba shi waya, Baba Saiti ya ja kujera ya zauna a bayansa da littafi da biro. Dokar aikin ɗaya ce, ba ka buɗe baki. Ko mutum zai wuni yana danna hoton gajimare yana zaton maɓalli ne, ba ka ce masa ga hanya. Ka rubuta inda yatsansa ya je, ka koma teburinka ka gyara wasan. A wannan zaman shirun babu kamarsa. Sauran ma'aikatan ba sa minti biyu sai sun fara gyaran murya, shi kuwa sai ka rantse an manta da shi ne a kan kujerar.

Wasa goma sha huɗu ya sa wa hannu, kuma ko ɗaya ba za ka taɓa jin sunansa ba. Na goma sha biyar suke kai, na wani mai kwale-kwale da ke tsallakar da awaki kogi. Manaja kuwa mutum ne mai sabon ra'ayi duk Litinin. Wannan makon maɓalli ya koma dama, mako mai zuwa ya dawo hagu, kore ya zama rawaya, rawaya ya koma kore amma ba wancan koren ba. Baba Saiti ya daina musu tun a wasa na tara. Sai ya ce to, ya ja maɓallin ya kai shi inda aka ce. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Wataƙila shi ya sa yake hucewa a kan wayoyin mutane, don a nan ne kaɗai yake ajiye abu ya zauna inda ya ajiye shi. Matarsa ta sa wa tata lambar sirri saboda shi, 'ya'yansa kuma da sun ji motsinsa sai kowa ya tura tasa ƙarƙashin cinya.

Waya ɗaya ce ta daɗe tana ci masa rai bai samu ya taɓa ba, ita ce ta Inna, mahaifiyarsa.

Tun rasuwar babansu Inna take zaune ita kaɗai a gidanta, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida da bishiyar lemo. Tana da hawan jini. Yayarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma ba a ja da ita, ta so ta ɗauke ta tun a lokacin. Inna ta ce ita da barin ɗakinta sai dai a ɗauke ta a kwance. Aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan magana ɗaya: kullum da safe, in ta haɗiyi maganinta, Inna za ta kira Yaya da hannunta.

"Ranar da ban ji ki ba," in ji Yaya, "ki fara naɗe kaya, ina nan tafe da mota."

Shekara shida ba a yi fashin kwana ɗaya ba. Zaman Inna a gidanta gaba ɗaya a kan wannan kiran yake, kuma kowa a dangi ya sani.

Wayar da take kiran da ita kuwa abin tausayi ce. Jikarta, 'yar Yaya, ita ta bar mata da za ta tafi makarantar nesa. Gilashin ya tsage tun daga kusurwar sama ta hagu ya gangaro tsakiya. Sai an danna da ƙarfi take ji. Inna ba ta karatu, don haka jikar ta fito mata da mutanenta a kan allo, ɗaya nan ɗaya can, a shafi uku, ba tsari ba dalili. Don tsokana kuma ta liƙa wa kowa hoton da Inna ta taɓa ɗauka bisa kuskure. Yaya shuɗin bokiti ce. Kawu jar ƙofa ne. Mai kemis farin silin ne da rabin fanka. Auta kuwa baƙi ne wuluk, hoton da aka ɗauka yatsa na kan kyamara. Ranar da ya gano haka ya yi dariya tare da kowa, amma abin ya tsaya masa.

"Inna, a ce ɗanki aikinsa ke nan, ki riƙa yawo da wannan?"

"Me ta yi maka? Tana kira, tana amsawa."

"Allon ma ya fashe."

"Ai ba da shi nake magana ba."

Bai haƙura ba. Ya sayo sabuwa mai faɗin allo, ya yi Asabar biyu a kanta. Ya cire duk wani tarkace. Ya bar shafi ɗaya tak, da manyan hotuna huɗu na ainihin fuskokin mutane, kowa yana murmushi, girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya. Da a ce a ofis ya nuna ta, da har Manaja sai ya rasa abin gyarawa. Ya kai mata ranar wata Lahadi, ya tsuguna gabanta ya kama yatsanta ya ɗora a kan fuskar Yaya, wayar ta shiga. Ya sake kama yatsan ya ɗora a kan tasa fuskar, aljihunsa ya ɗauki ƙara.

"Kin gani? Ko jariri zai iya."

Inna ta juya wayar gaba da baya. Ta ce, "Na gani. Allah ya yi albarka, Auta."

Da zai tafi ya ɗauke tsohuwar, don a wurin aiki haka ake yi. In ka bar wa mutum tsohon tsari ba zai taɓa koyon sabo ba. Ya jefa ta a durowar da yake tara matattun caja. Mutumin da yake wuni a bayan direba yana lura da yatsansa bai zauna ko minti ɗaya ya ga uwarsa ta danna da kanta ba.

Kwana biyu kira ya zo, amma a makare. A na uku bai zo ba. A na huɗu Kawu ne ya kira Yaya yana dariya, wai 'yar'uwarsa ta buga masa da sassafe ta ce ta sha magani, ta kashe. Bayan nan mai kemis ya ce sau uku ana kiransa ba a magana, sai numfashi da ƙarar famfo. Yaya ta je da kanta ta tambaya. Inna ta ce mantuwa ce. Yaya ta zuba mata irin kallon da suke yi wa marasa lafiya a asibiti, ta ce, "Inna, yau wace rana ce?" Inna ta ji haushin tambayar, ta kau da kai ta yi gum. Yaya ta ɗauki shirun a matsayin amsa.

Sai ranar da jiri ya kwashe Inna. Tela, maƙwabciyarta, ita ta tarar da ita zaune a bakin ƙofa da hantsi, jiki duk gumi, waya a kan cinya. Ta ce tun safe take son kiran 'yarta. Tela ta karɓi wayar ta danna sau ɗaya, ta shiga.

Baba Saiti yana cikin taro a kan ko awakin nan farare za su zama ko masu dabbare-dabbare, kiran Yaya ya shigo. Ya fita baranda, cikin warin roba.

"Auta, kan Inna ya fara taɓuwa. Na sha ganin irinsa, haka yake somawa. Fuskata ce fa a wayar nan, ƙatuwa, amma ta kasa gane ni. Ba zan jira a kira ni a ce an fasa ƙofa ba."

Ya leƙa ta taga, Manaja yana yi masa alama da hannu.

"Duk yadda kika gani, Yaya," in ji shi.

A sawu biyu motar ɗaukar kaya ta kwashe ɗakin. Inna ba ta yi gardama ba, abin da ya ƙara tabbatar wa Yaya cewa lallai ba lafiya. Aka gyara mata ɗakin da ke jikin kicin a gidan Yaya, wanda a da ake ajiye buhuna da tsofaffin kujeru. Gidanta kuwa, don kada a bar shi kango, aka ce ɗan Kawu ya shiga da matarsa mai tsohon ciki.

Wata biyu suka wuce. Wasan awaki ya fita, babu wanda ya kula, aka fara na goma sha shida.

Wata Asabar da rana Auta ya je gaishe da Inna. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya mai kallon bangon maƙwabta, gado da tabarma da kujerar roba a bayan ƙofa. Inna ta rame. Suka gaisa, ta tambayi yara, ya tambayi jiki, magana ta ƙare. Ya zube a kujerar ya jingina kansa da bango ya lumshe ido. Ba barci yake ba, ƙarfin hira ne babu. Inna tana zaune a tabarma ta ba shi baya. Da ta ji shiru ya yi yawa ta waiwayo, ta ɗauka ya yi barci, sai ta laluba ƙarƙashin filo ta ciro wayar.

Ya buɗe ido kaɗan. Daga inda yake yana hango allon ta saman kafaɗarta, daidai yadda yake hango na masu gwaji. Bakinsa ya motsa zai ce ga inda ake dannawa, sai dokar aikinsa ta riƙe shi.

Ta kawo wayar dab da hancinta, ta nisantar, ta sake kawowa. Babban yatsanta ya share allon zuwa hagu sau biyu, alhali babu wani shafi da za a je. Ya hau kusurwar sama ta hagu, ya gangaro a karkace yana laluben wani abu, ya tsaya a wani fili tsakanin fuskar Yaya da ta Kawu, ya danna da ƙarfi ya daɗe. Wayar, da yake sabuwa ce mai saurin ji, ta ɗauki doguwar dannawar a matsayin umarni, hotunan suka fara rawa. Inna ta yi sauri ta kife ta a cinya. Ta jira. Ta ɗago ta sake.

Ya ƙirga a zuci, sau goma sha ɗaya. Shara biyu, kusurwa, gangarowa, dannawa, kuma duk a wuri guda, ko kaurin gashi ba ta kauce ba. Shekarunsa a bayan kujera sun koya masa abu ɗaya: wanda ya ruɗe yatsansa yawo yake yi. Wannan yatsan ya san inda za shi sarai. Tsagar gilashin nan yake bi, wadda babu ita yanzu, yana neman shuɗin bokiti. Yadda take kai wayar hanci kuma ya gaya masa sauran. Idonta ya daɗe da yin rauni, fuskoki huɗun nan masu murmushi duk dunƙule ɗaya ne a wurinta. Shuɗi da ja da fari da baƙi take gani, su kuwa ya kwashe su.

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya miƙe ya ce yana zuwa, ko takalmi bai saka daidai ba.

Ya zazzage durowar a tsakar ɗaki, matarsa tana tambayar ko lafiya. Tsohuwar wayar tana can ƙasa, cajoji sun nannaɗe ta. Ya jona ta, ta ƙi. Ya canza caja, ya canza wata. A ta huɗu allon ya yi ɗan haske. Ya zauna a ƙasa yana gadinta har ta ɗauki abin da za ta iya ɗauka, ya sa ta a aljihu ya koma.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya isa. Yaya tana kicin, ana jin ƙarar tukwane. Ya ciro layin daga sabuwar ya mayar a tsohuwar, ya miƙa wa Inna da hannu biyu. Ya koma kujerar bayan ƙofa.

Inna ta daɗe tana riƙe da ita. Ta shafa gilashin, yatsanta ya sami tsagar. Shara biyu, gangarowa, dannawa. A bayan bango wayar Yaya ta ɗauki ƙara.

Yaya ta shigo da ludayi a hannu ɗaya, waya a ɗayan. "Wa ya kira mata ni? Ga ni nan kusa, sai an ɓata kati?"

"Ita ta kira," in ji shi. "Inna, kira Kawu."

Ta share sau ɗaya ta danna, muryar Kawu ta fito yana sallama. Ta ce gaisuwa ce kawai, ta kashe. Ba wanda ya ce mata, ta kira mai kemis ta tambaye shi ya kasuwa. Sannan ta gangara can ƙasa ta danna baƙin hoton, aljihun Auta ya kama ruri. Ya bar shi yana yi har ya tsinke.

Yaya ta zauna a bakin gado, ludayin yana ɗiga a kan zaninta.

"Ba kanta ba ne, Yaya," in ji shi. "Ni ne. Ni na kwashe mata hanya na ajiye mata wadda ba ta gani. Lafiyarta ƙalau. Gobe in nemo mota mu mayar da ita."

"Mu mayar da ita ina? Matar ɗan Kawu kwananta tara da haihuwa a ɗakin nan. Sun yi fenti, sun kafa gado. Kai ma ka je barka."

"Sai a nema musu wani wurin."

"Ba za a tashi mai jego saboda ni ba," in ji Inna. Ba ta ɗaga murya ba, amma dukansu sun san in ta yi magana da wannan muryar an gama.

Wani abu ya fara ƙauri a kicin, ba wanda ya motsa. Yaya ta goge ido da bayan hannu, sannan faɗa ya zo mata, don ita haka tausayinta yake fita.

"Amma Inna, fisabilillahi! Sau nawa na tambaye ki? Ki ce min mantuwa, mantuwa. Ina ji ina gani na kwashe ki daga ɗakinki, kina kallona. Me zai hana ki buɗe baki ki ce wayar ce ba kya ganewa? Kalma ɗaya fa!"

Inna ta ajiye wayar a kan tabarma. Ba ta dubi Auta ba, Yaya ta duba.

"Ke kin san bakinki," in ji ta. "Da na faɗa, da kin tara masa dangi. Yaron nan kullum in ya zo a gajiye yake zuwa, ban taɓa jin ya ce an yaba masa a wurin aikin nan ba. Ranar da ya kawo min wayar nan na ga fuskarsa, rabon da in gan ta haka tun yana makaranta. Sai in ce abin da ya iya ɗin ma bai yi ba?" Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Na ce zan koya a hankali, ban koya ba. To, a ce tsohuwa ta ruɗe mana. Tsohuwa dama ruɗewa take yi, ba wanda zai yi mata dariya."

Yaya ta tashi ta fita duba tukunyarta. Auta ya sauko daga kujerar ya zauna a ƙasa kusa da tabarmar, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Inna ta tambaye shi ko ya ci abinci.